Kafin ka tura kuɗin kwikwiyo, ka ce a nuna maka uwarsa

1/ Zare 🧵
Kasuwar karnukan ƙasashen waje ta buɗe sosai a garuruwanmu. Leƙa Instagram ko Jiji ko sitatus ɗin WhatsApp ka gani: Jaman Shefad, Rotwaila, Kokeshiyan, har da Hoski. Hoto mai kyau, a ƙasa an rubuta "saura biyu, a yi sauri". Matsayata a kan wannan ciniki guda ɗaya ce: duk wanda ya ƙi nuna maka uwar kwikwiyo a inda ta haife shi, kada ka ba shi ko sisi.

2/ Na san wasu sun riga sun nufo sashen sharhi da batun addini. Ajiye kare don gadi ko farauta ko tsaron dabbobi sananne ne a fiƙihu. Batun saye da sayarwarsa kuma malamai sun yi saɓani, wannan ka kai wa malaminka. Abin da babu saɓani a kansa shi ne haramcin azabtar da dabba, kuma rabin zaren nan a kan haka yake.

3/ Me ya sa uwar? Saboda duk kwikwiyo ɗan sati shida kyakkyawa ne. Mai lafiya da mai ɗauke da cuta, mai natsuwa da wanda zai zama bala'i a unguwa, a hoto duk ɗaya suke. Ita kuwa karya ba ta ƙarya. Jikinta zai gaya maka abin da take ci, ɗakinta zai gaya maka tsaftar gidan, yadda ta karɓe ka zai gaya maka irin halin da 'ya'yanta za su iya ɗaukowa.

4/ Idan ka je, ka tsaya ka kalle ta da kyau. Karya mai shayarwa takan ɗan rame, gashinta ya ɗan zube, wannan ba komai. Amma haƙarƙari a waje ana ƙirgawa, kunne cike da kaska, ƙazuwa a fata, ido na zubar da kwantsa? Mutumin da ya kasa ciyar da wadda ke kawo masa kuɗi, me kake zato ya yi wa 'ya'yanta?

5/ A kula, akwai dabara: a ɗauko wata karya mai kyau a ajiye kusa da 'yan kwikwiyon a ce ita ce uwar. Duba nononta, na wadda ta shayar kwanan nan a sake yake, ba ya ɓuya. Sannan ka ga ko yaran suna bin ta, tana lasar su, ko kuwa kallon baƙi take musu tana neman hanyar fita.

6/ Uban ba dole ka same shi a gidan ba, sau da yawa haya ake yi a kai karya barbara wani wuri. Amma mai kiwon kirki ya san wane kare ne, na wane ne, a ina yake, kuma yana da hotonsa da bidiyonsa. Wanda ya ce maka "uban daga waje aka kawo shi" ya yi shiru daga nan, to labari ya ba ka.

7/ Ka kuma tambaya ko uwa da uban suna da dangantaka. Masu son sauƙi suna haɗa wa da ƙanwa, ko uba da 'yarsa, don kada su biya kuɗin barbara. Illar da ke ɓoye a cikin jinin dangi ta nan take samun hanyar fitowa fili.

8/ Ga uzurorin da za ka ji, ka haddace su:
"Uwar tana da faɗa, ba ta son baƙi."
"Tana gona."
"Mu haɗu a gidan mai, in kawo maka shi."
Na farkon ya fi ba ni dariya, don shi a tunaninsa talla yake yi. Uwar da mai ita ma ba zai iya riƙe ta a gaban baƙo ba, ɗanta kake so ka kai gidan da ƙannenka ke wasa a tsakar gida?

9/ Gaskiya ne karya mai sabuwar haihuwa takan yi kishin 'ya'yanta a makonnin farko. Shi ya sa ba a ce ka je ranar da ta haihu ba. Zuwa sati shida ko bakwai, karya mai kyan hali za ta yi haushi, ta shinshina ka, ta natsu idan mai ita ya yi mata magana. Wadda ta maƙale a lungu tana karkarwa ta fi mai haushin zama abin tsoro. Kare matsoraci shi ne mai cizo ba gargaɗi.

10/ Wannan ya kawo mu kan wata al'ada da ta zama ruwan dare: a kulle kare a keji dare da rana, kada ya ga kowa, wai don ya yi zafi. Abin da ake samu a ƙarshe dabba ce da ba ta iya bambance ɓarawo da almajirin da ya shigo karɓar saura. Karen gadi nagari ya san mutanen gida, ya san baƙon da aka yi wa iso, kuma yana tsayawa idan an ce tsaya. Idan mai kiwo yana alfahari da cewa karnukansa ba sa ganin mutane, ka yi masa sallama.

11/ Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A Ingila sai da aka yi doka a kai. Tun 6 ga Afrilu 2020, dillali ko mai shago ba shi da ikon sayar da kwikwiyon da bai kai wata shida ba. Sai dai ka je wurin wanda ya kiwata shi kai tsaye, ko gidan ceton dabbobi, kuma mai kiwo mai lasisi dole ya nuna maka shi tare da uwarsa. Ana kiran ta dokar Lucy, sunan wata karya da aka ceto daga gonar da aka mai da ita injin haihuwa.

12/ Mu a nan idonka ne dokarka. Gani ya kori ji.

13/ Sai shekaru, ko in ce makonni. Kwikwiyo ba ya barin uwarsa kafin sati takwas. Za ka ga ana tallan ɗan sati huɗu ko biyar, a ce "ya fara cin abinci". E, ya fara, shi ya sa ake son rabuwa da shi, don daga nan ne kuɗin ciyarwa ke fara fita daga aljihun mai kiwo.

14/ Makonnin nan da ake yanke masa ba na nono kaɗai ba ne. A cikinsu ne yake kokawa da 'yan uwansa, ya ciji wani da ƙarfi, wancan ya yi ƙara ya daina wasa da shi, uwar ta tsawata masa. Ta haka kare ke koyon sassauta haƙori. Wanda aka raba da wuri yakan taso bai san iyakar bakinsa ba, ga yawan kuka da tsoro. A jikin ɗan kilo uku abin dariya ne. Bari ya zama Bowabul, ƙaton nan na Afirka ta Kudu da ke haura kilo 50.

15/ Ta ya za ka gane an ƙara masa kwanaki? Ido yana buɗewa tsakanin kwana 10 zuwa 14. Haƙoran farko suna fara tsirowa wajen sati uku zuwa huɗu, kuma zuwa sati takwas ya kamata duk 28 ɗin sun fito. Buɗe bakin ka duba. Ɗan "sati takwas" da ke tafiya yana tangaɗi, bakinsa rabi dasashi ne, ba a gaya maka gaskiya ba. Mai kiwon kirki yana da bidiyon ranar haihuwa a wayarsa, da kwanan wata a jiki.

16/ Yanzu babbar magana, wadda ta fi cinye kuɗin mutane: farbo. Cuta ce ta ƙwayar bairos da ta bayyana a duniya wajen 1978, tana cin hanjin kwikwiyo. Zai daina cin abinci, ya kwanta lakwas, sai amai, sai gudawa da jini mai warin da ba a mantawa. Ba tare da jinya ba yawancinsu mutuwa suke. Jinyar kuma ƙarin ruwa ne da allurai na kwanaki, kuɗin na iya kamo kuɗin karen.

17/ Muguntar ta ita ce ba ta nunawa nan take. Daga kamuwa zuwa fara ciwo kwana 3 zuwa 7 ne, wani lokaci ya doshi sati biyu. Ka saye shi ranar Asabar yana tsalle, Laraba ya kwanta. Ka kira wanda ya sayar maka, ya ce "ai lafiya lau na ba ka shi, me ka ba shi ya ci?" Kuma irin karnukan da ake rububi, Rotwaila da Jaman Shefad, suna cikin waɗanda ta fi kayarwa.

18/ Rigakafinta ba allura ɗaya ba ce. Ana farawa a sati shida zuwa takwas, a maimaita duk bayan sati uku ko huɗu, har ya kai sati 16. Dalili: garkuwar da ya sha a nonon uwa tana kare shi, amma ita ce kuma ke kashe ƙarfin allurar, kuma ba a san ranar da za ta gushe daga jikin kowane kwikwiyo ba. Shi ya sa ake ta maimaitawa har a dace.

19/ Don haka duk wanda ya ce maka ɗan sati takwas "an gama masa allura duka", ko dai bai san abin da yake faɗa ba, ko ya san kai ne ba ka sani ba. Mafi yawan abin da zai samu a wannan lokacin allura ɗaya ce. Sauran a wuyanka suke.

20/ Katin rigakafi ma ba kowane ake yarda da shi ba. Kati na gaskiya yana da kwanan wata, da 'yar takardar da aka ɓanɓaro daga jikin kwalbar aka manna, da suna da sa hannu da lambar likitan dabbobin da ya yi. Kira lambar a gabansa. Tambaya ɗaya ce: likita, kai ka yi wa 'ya'yan karyar wane allura ranar kaza? Minti biyu ne.

21/ "Ni nake yi da kaina" ita ce amsar da ya kamata ta tayar maka da hankali. Allurar nan tana buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 tun daga kamfani har jikin kare. A ƙasar da wuta ke tafiya kwana biyu ba sallama, kwalbar da ta kwana a firjin da ya huce, ko aka ɗauko a aljihu cikin ranar Afrilu, ba ta da maraba da ruwa. Ka tambaya a ina ake ajiye ta, akwai sola ko janareto?

22/ Maganin tsutsar ciki kuma tun daga sati biyu ake farawa, a riƙa maimaitawa duk sati biyu. Kwikwiyo mai ƙaton tumbi da siraran ƙafafu ba ƙoshi ba ne, sau da yawa tsutsa ce. Ɗaga leɓensa ka ga dasashi: ya zama ja-ja mai haske. Idan ya yi fari fat, jini ya yi ƙasa, ko tsutsa ko ciwon kaska.

23/ Sai cutar haukan kare, kuma a nan maganar ta tashi daga kan kuɗi ta koma kan rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi.

24/ Ba a yi wa kwikwiyo allurarta sai ya kai wata uku, don haka katin da za ka nema na uwar ne da sauran manyan karnukan gidan. Ba abu ne mai wuyar samu ba, cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato ma tana haɗa ta. Gidan da ake kiwon karnuka don sayarwa amma ba katin haukan kare ko ɗaya, ba gidan da za ka ɗauki dabba ka kai wa iyalinka ba ne.

25/ (Tunda mun zo nan: idan kare ya ciji wani ko ya yakushe shi, ko da ɗan kwikwiyo ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Ba toka, ba barkono, ba jiran a ga abin da hali zai yi.)

26/ Akwai ciwon da ba ya cikin kati, kuma ba za ka gan shi a jikin kwikwiyo ba: lalacewar gaɓar ƙugu. Kan ƙashin cinya ba ya zama daidai a cikin raminsa, yana ta goga har gaɓar ta cinye. Gado ne a mafi yawansa, kuma manyan karnuka ya fi kamawa. Sai kare ya kai wata shida, shekara, ko fiye, ka ga yana wahalar tashi, yana gudu da ƙafafun baya a haɗe kamar zomo.

27/ A Jamus, ƙungiyar masu Jaman Shefad da aka kafa tun 1899 tana neman hoton ƙashin ƙugu kafin a yarda kare ya yi barbara. A Amurka akwai gidauniyar OFA tun 1966, ita ba ta ba da cikakkiyar shaida sai kare ya cika shekara biyu. Wanda ya ce iyayen karensa "daga waje aka shigo da su da takardu", to ya nuna wannan takardar. Ita ce mai amfani, ba mai tambarin zinare da aka buga a shagon kwamfuta ba.

28/ Idan babu hoton ƙashi, akwai abin da ido zai iya. A fito da uwar fili. Ta kwanta, ta tashi, ta yi gudu, ka tsaya a bayanta kana kallon ƙugun. Sannan ka nemi lambar mutum biyu da suka sayi 'ya'yanta na haihuwar baya. Karen da ya shekara biyu a hannun wani ya fi kowace takarda bayani. Mai kiwon da ke da abin nunawa da murna zai ba ka lambobin.

29/ Kai ma da naka: ƙiba da santsin tayil suna ƙara wa ƙugun kwikwiyo matsala. A daina ɗura masa abinci don a ga ya yi girman da za a ɗora a TikTok.

30/ Tambayi sau nawa uwar ta haihu, kuma shekarunta nawa. Karya takan nemi barbara kusan duk wata shida, cikinta kwana 63 ne. Mai haɗama ba ya bari zagaye ɗaya ya wuce, tun tana 'yar wata takwas har ta ƙare. Ƙungiyar masu karnuka ta Birtaniya ba ta yi wa 'ya'ya rajista idan uwar ba ta kai shekara ɗaya ba lokacin barbara, ko ta riga ta haihu sau huɗu, ko ta kai shekara takwas. Ma'auni ne mai kyau ko a ina kake.

31/ Wata alama da na fi yarda da ita a kan duk sauran: shi ya yi maka tambayoyi? Gidanku da katanga? Akwai yara? Wa zai kula da shi idan ka koma makaranta ko ka tafi bautar ƙasa? Mai gidan hayar ya yarda? Ka san abin da zai ci a wata? Mutumin da ya kwana yana jiran haihuwar karyarsa ba ya miƙa ɗanta ga duk wanda alat ɗinsa ya fara shigowa. Idan tambayarsa ɗaya ce, "yaushe za ka turo?", ka san da wa kake magana.

32/ Irin wannan mutum ne kuma zai iya ce maka wannan karen bai dace da kai ba. Hoski karen jan kaya ne a kan ƙanƙarar Saberiya. Kokeshiyan na tsaunukan Jojiya da Armeniya ne, da gashi ninki biyu. Ka kawo shi Sakkwato ko Maiduguri inda zafin bazara ke haura digiri 40, ka ɗaure shi a ƙarƙashin kwano. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake sanyaya jikinsa, kuma zafi yana kashe shi cikin ɗan lokaci.

33/ Abin haushin, muna da namu. Azawak, siririn karen nan na Buzaye daga yankin Nijar da Mali, a 2019 babbar ƙungiyar karnuka ta Amurka ta ba shi cikakkiyar rajista, can ana ji da shi. Karnukan mafarautanmu ma sun saba da rana, ba su da tsadar ciyarwa, kuma in dai haushi ne idan baƙo ya taɓa ƙofa cikin dare, ba a bar su a baya ba. Su ma dai allurar nan duk suna buƙatarta.

34/ Kan 'yan damfara ba zan daɗe ba, kun fi ni sanin su. Hoton da aka sato daga shafin wani Bature, ga ciyawa shar da dusar ƙanƙara a baya, amma wai karen yana Kaduna. Saka hoton a Google Lens. Nemi kiran bidiyo kai tsaye, ya ɗaga kwikwiyon kusa da uwarsa ya ambaci sunanka. Kafin alƙalami sai bayan ka je da ƙafarka, ko wanda ka amince da shi ya je.

35/ "A saka maka a mota" ma a bar shi. Kwikwiyo a kwali, a but, daga Legas zuwa Kano, ba ruwa, ba iska. Wanda ya yarda ya aika dabba haka ya riga ya gaya maka darajarta a wurinsa.

36/ Dillalai za su ce na taɓa sana'arsu. Ba duka ne macuta ba, na yarda. Amma mai tara 'yan kwikwiyo daga gida biyar a keji ɗaya, ko da niyyarsa fara ce tas, ya haɗa wa farbo biki. Kuma tambayoyin da ke sama babu wadda zai iya amsawa, don bai ga haihuwar ba. Idan dillali na da gaskiya, ya kai ka gidan ya karɓi la'adarsa a can.

37/ Mafi wuya shi ne ka je ka tarar da ƙazanta, ga wani ɗan ƙarami a lungu yana kallon ka, zuciyarka ta karye, ka ce bari in saye shi in cece shi. Na fahimta. Sai dai kuɗin da ka bayar shi ne jarin barbara ta gaba, uwar kuma tana nan a kejin bayan tafiyarka. Idan ka fita daga irin gidan nan, ka wanke tafin takalminka da Hypo ko Jik kafin ka shiga wani gidan karnuka, don farbo na bin takalmi, kuma tana iya yin watanni a ƙasa da ranta.

38/ In komai ya yi daidai kun shirya, a rubuta. Takarda ɗaya ta isa: ranar haihuwa, allurar da aka yi da wadda ta rage, da sharaɗin cewa za ka kai shi wurin likitan dabbobin da kai ka zaɓa cikin kwana biyu ko uku, in aka sami mummunar matsala ka dawo da shi a ba ka kuɗinka. Ku sa hannu da shaida. Likitan ya zama mai rajista da hukumar likitocin dabbobi ta ƙasa. Masu kusa da Zariya, Sakkwato ko Maiduguri, jami'o'in can suna da asibitin koyarwa na dabbobi.

39/ Ka karɓo abincin da ya saba ci na 'yan kwanaki, don canjin abinci farat ɗaya na sa gudawa. Kada ya taka titi ko ya haɗu da karnukan da ba ka san katinsu ba sai allurar sati 16 ta shiga, amma a cikin gida ya saba da mutane, da yara, da ƙarar babur da janareto. Idan kuma wani kwikwiyo ya taɓa mutuwa da amai da gudawar jini a gidanku, ka gaya wa likitan tun kafin ka kawo sabon.